Rigar da Sofron ke ratayewa a shinge

Sofron Mocanu ba ya kallon ƙasa in yana tafiya, sama yake kallo. Sauran 'yan sandan garinmu da mota suke zagaye, shi kuwa tun da safe yake bin layi-layi da ƙafa yana duba bututun hayaƙin kowane gida. Matasanmu sun watse Italiya da Sifen neman aiki, sun bar mana tsofaffi da kaji. Gidan da hayaƙi ya tashi, mai shi ya kwana lafiya. Inda bai tashi ba, Sofron zai ƙwanƙwasa. Ba wanda ya ɗora masa wannan aikin, kuma a makon nan da ya yi ritaya ba a ambaci aikin a jawabin bankwana ba. To ni zan ambata.

Ofishinsu shi ne dai tsohon ginin nan na bakin kasuwa. A zamanin tsohuwar gwamnati, mutum in ya zo wucewa ta gabansa sai ya tsallaka titi. Nan aka shigar da Nichifor, mijin Inna Paraschiva, don ya hana gonar gwamnati dokinsa. Gawarsa aka mayar mata. Ta rantse gara ta mutu ita kaɗai da rigar ɗan sanda ta ƙetare ƙofarta. Lokacin ko haihuwar Sofron ba a yi ba, amma rigar ya gada har da laifinta.

Bai taɓa ce mata zamani ya sake ba. In ya iso gidanta sai ya tuɓe riga da hula ya rataye a shinge, ya shiga tsakar gida da 'yar shara, ko da ƙanƙara na zuba.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Ban mutu ba, ka koma ka gaya wa iyayen gidanka."

"In faskara miki icen?"

"Faskara mana, ƙaton banza. Ai tuwon masarar da kake ci ba a kunnenka yake zuwa ba."

Haka suka yi shekaru, tana zagi yana faskare.

Wata safiyar hunturu bai ga hayaƙinta ba. Zamfira maƙwabciyarta ta ga komai ta taga, ita ta ba ni labari. Ƙofa a kulle, tsohuwa kwance a ƙasa da karyayyen ƙugu, murhu ya mutu. Sofron ya ja da baya zai banke ƙofar, sai ga muryarta ƙasa-ƙasa: "In da rigar nan kake, ƙyale ni in mutu."

Wani zai ce rai ake nema, wa ke ta riga? Shi kuwa ya cire ta ya jefar. Ya ɓalle ƙofar, ya naɗe tsohuwar da barguna, ya sungume ta har bakin babban titi, don motar asibiti ta kasa hawo tudun da gidan yake kai. Ita ta rayu. Shi sanyi ya kama masa ƙirji, ya kwanta a asibiti a ɗakin da ke kallon nata, tana aika masa zagi ta bakin ma'aikatan jinya.

Sofron, kai ne ka gane cewa ba a goge tsoro da jawabi. Kai ne ɗan sandan da ya fi kowa shan sanyi a garin nan, ba ka taɓa ƙorafi ba. Mun gode, ɗan halak. Ku kuma sababbin shiga, ku sauko daga mota ku ɗaga kai.

Ranar da zai mayar da kayan aiki, sai ga Inna Paraschiva tana dogara sanda ta nufo ginin ofishin. 'Yan kasuwa suka bi ta da kallo. Ba ta tsallaka titi ba, ta hau matakala ta shiga. Sofron ya hango ta, hannunsa ya kai kan maɓalli.

"Bar ta a jikinka," in ji ta. "Matso in gani."

Ya matso, ya sunkuya. Ta daɗe tana shafa wuyan rigar da yatsunta, sannan ta ɓalla masa maɓallin sama.

"Kullum a yamutse," ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Tsaya da kyau, ɗana."