Foto a Gaban Ɓaraguzai

Shekarar da kogi ya ci unguwar Gamkalley, ina aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, na taimakon jama'a. Ni ke rubuta waɗanda ruwa ya rushe wa gida domin a ba su kwano da siminti. Cikinsu akwai wata mai noman ganyen salati da katanga ta faɗa wa mijinta ya rasu. Ɗaki ɗaya ya rage mata, rabin rufin babu, a nan take takaba da ƴaƴa huɗu, ga damina ba ta ƙare ba.

Shef ɗinmu, shugaban buron, ya kafa doka: wanda bai zo buro da ƙafarsa ya dangwala yatsa ba, babu shi. Na ce masa mai takaba ba ta fita, ya bari in kai mata takardar. Ya ce, "Madam, ni ban san takaba ba, takarda na sani." Bayan kwana biyu na tarar an goge sunanta, an sa na ƙanin matarsa, mutumin unguwar Bobiel, inda ambaliya ba ta ko leƙa ba.

Ban yi musu ba. Na ce "to, Shef" har da rusunawa, amma na rantse a raina sai ya ji a jikinsa.

Masu ba da taimakon suna da ƙa'ida: sai an ɗauki mutum foto a gaban gidansa da ya rushe. Shef ke zaɓar gidajen da za a kai su. Ranar da suka zo, ya shige bayan mota yana zuba musu Faransanci, ni aka bari kusa da direba. Na ce wa direban mu fara da Bobiel.

Gida ne mai bene, fenti sabo fil. Ƙanin matar Shef ya fito yana sakace. Na karanta sunansa da ƙarfi, na ce, "Alhaji, matsa gaban ɓaraguzan mu ɗauke ka." Faransancin Shef ya ƙafe, gumi ya karyo masa. Na juya na ɗauke shi foto shi ma. Wallahi na ji daɗi, har yau kuma ban yi nadama ba.

Daga nan na kai su Gamkalley. Mai takabar ta miƙo hannu daga bakin ƙofa ta dangwala yatsa, ba ta taka waje ba.

An ɗauke Shef daga buron. Abokansa suka rama, suka jefa ni ɗakin ajiyar dosiye, cikin tsofaffin takardu, shekara uku ina shaƙar ƙura. Foton nasa na nan a jakata. Ita kuwa, sauran kwanakin takabarta a ƙarƙashin rufi ta yi su.