Kilishin da Na Mayar wa Kawu

Aikina duba takardun kwangila ne a ofishin gwamnatin jiha, a nan ƙasar Turawa. Shekarar da aka miƙo min fayil ɗin cacar gwamnati, tikitin nan da ake sayarwa a gidajen mai, ban yi murna ba. Amma dole wani ya sa ido kan kamfanin da za a ba aikin buga tikitin, kuma ni aka zaɓa. Dokar a fili take: muddin ana tantance masu nema, ko shayi ba na karɓa daga hannunsu ko na danginsu. In na karɓa, a bakin aikina.

Ana cikin haka Kawu ya zo gidana a Woodbridge wata Asabar. Ba jini ya haɗa mu ba. Shi ne dattijon da ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara shigowa ƙasar nan, na yi wata huɗu a gidansa a Fort Washington ina cin tuwon matarsa. Ya ajiye min kilishi da turaren wuta, tsarabar Kano. Sai a bakin ƙofa, yana sa takalmi, ya ce kamfanin ɗansa na cikin masu nema.

Washegari na mayar masa da kayansa. Ko buɗe kilishin ban yi ba, kuma Allah ya sani raina na so.

"'Yar nan, ba a mayar da hannun kyauta baya," in ji shi.

"Na sani, Kawu. Ka yi haƙuri, doka ce."

"Caca ce fa. Haram kike wa gadi, shi ne har da iyayi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "In haram ce, me ɗanka yake nema a ciki?"

Ran Litinin na rubuta wa shugabata abin da ya faru, aka cire ni daga duba takardun kamfanin ɗan Kawu. Ba su samu aikin ba. Babu hannuna a ciki, amma wa zai faɗa wa mutanenmu? A gidan suna aka ce na zama Baturiya, na manta alheri.

Ban manta ba. Duk Sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da "lafiya" ɗaya, idonsa kan talabijin. Abin na min ciwo har yau, amma da zai sake kawowa, da na sake mayarwa.

Bara ya dawo daga Kano, ya raba wa kowa kilishi a falo, ya tsallake ni. Na miƙa hannu na yagi na matarsa, na ci a gabansa. Lokacin babu fayil ɗin kowa a teburina.