Malamar Aro da Yaran da Muka Ɓoye

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma akwai wata Laraba guda da ko na tsufa har haƙora sun zube ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da aka tura ni ɗakin ajiyar gyaɗa da yara talatin da huɗu, aka ce kada a ji ko tarin ɗayansu.

A lokacin ina aiki a wata 'yar makarantar renon yara a Kazaure. Sunanta dai makaranta, amma gidan haya ne mai ɗaki uku, aka shafa wa bangon fenti, aka zana lemo da ayaba da wata dabba da har na bar wurin ban gane ko zaki ne ko tunkiya ba. Ɗaki ɗaya ofishin mai makarantar ne, wadda muke ce wa Hajiya. Ɗaya na jarirai, wata dattijuwa ke kula da su. Na ukun shi ne ajina, 'yan shekara uku zuwa biyar, su hamsin da tara, ni kaɗai a kansu. Sakandare na gama, ba ni da takardar koyarwa, amma shekarata uku a ajin nan. Na san wanda ba ya cin wake, na san wadda sai an riƙe mata hannu za ta shiga bayi, na san wanda in ya yi tsit a lungu to wando yake ɓatawa. Aikin nan kuwa shi kaɗai gare ni. Da ƙyar Baba ya yarda na yi shi, don yana kusa da gida, kuma na san in na rasa shi ba wani da ke jirana sai zaman tsakar gida.

Ran Litinin Hajiya ta kira ni ofis. Ta ce jibi masu duba makarantu za su zo, kuma in ba su gamsu ba, ba za a ba mu takardar amincewa ba. Ƙa'idarsu, in ji ta, dole a sami malama mai takardar NCE a ajin, kuma kada yaran su wuce ashirin da biyar. Ni da wautata har na yi murna.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, ashe dai za a raba ajin."

Ta dube ni ta saman tabarau. "A raba a kai su ina? Kan rufi? An riga an samo malama, daga Roni za ta zo."

A nan na fara sanin akwai wani abu wai shi malamar aro. Ashe ƙananan makarantu irin tamu sun daɗe da dabarar. Akwai wata baiwar Allah da ta gama NCE ba ta sami aiki ba, duk makarantar da za a zo dubawa sai a aika mata ɗan acaɓa, ta zo da takardarta a cikin leda, ta zauna a aji daga safe zuwa azahar, baƙi su tafi ita ma ta tafi. Yadda ake aron tukunya da kujeru in ana biki, haka ake aronta. Yau tana Gwiwa, jibi tana Kazaure, wani makon tana Babura.

"Ke kuma," in ji Hajiya, "za ki kwashi ragowar ki kai su gidan mai ƙuli. Na yi magana da ita. In na ji motsin ko ɗaya, ki ɗauki jakarki kada ki ƙara dawowa."

Na ce, "Hajiya, yara talatin da huɗu fa, ba kaji ba."

"Bakin nan naki shi ne matsalarki. Za ki yi ko in nemo wata?"

Ba zan yi wa kaina ado ba, cewa na yi zan yi.

Ranar Laraba da safe Hajiya da kanta ta tsaya bakin aji tana zaɓe kamar mai sayen tumatir. Wanda rigarsa ke da guga, wadda aka yi wa sabon kitso, wanda ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci, 'ya'yan ma'aikata, su ne suka shiga. Masu majina da masu koɗaɗɗen yunifom da waɗanda har yanzu Fulatanci ya fi musu sauƙi a baki, duk aka tura mini gefe. Muna cikin haka malamar aro ta sauka daga babur, da gyale mai duwatsu da takalmi mai tsini yana nutsewa a cikin yashi. Bayan mun gaisa ta jawo ni ta yi ƙasa da murya.

"Anti, don Allah yaya ma sunan makarantar? Kada a tambaye ni."

Na nuna mata allon da ke bakin ƙofa. Ta juya wajen Hajiya ta ce, "Kuma yaushe na fara aiki a nan?"

"Shekara biyu."

Ta ciro biro ta rubuta a tafin hannunta. Wallahi da idona na gani.

Ta ƙofar baya muka fita zuwa gidan maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajera, ana jin komai. Ɗakin da ta ba mu cike yake da buhunan gyaɗa, taga ɗaya ce ƙarama, ga bazara ta kai maƙura. Guzurin da Hajiya ta haɗa ni da shi ledar biskit ɗaya. Na ce wa yaran wasan barci za mu yi, wanda ya fi kowa shiru shi ne sarki. Sarautar ba ta kai minti biyar ba. Wannan ya ce fitsari, waccan ta ce ruwa, wani ya ce "Anti, ya mintsine ni." Wata ƙaramar ja'ira ta gano huda a jikin buhu, kafin in ankara rabinsu sun duƙufa suna tauna ɗanyar gyaɗa. Mai ƙuli ta leƙo tana raɗa, kamar za ta yi kuka, "Anti, gyaɗata fa! Ni ɗaki na ce na bayar!"

Ta bayan katanga na ji motar baƙi ta tsaya, na ji Hajiya ta sake murya, wata irin murya mai zaƙi da ban taɓa jin ta yi mana ita ba. Can kuma na ji yarana sun ɗauki waƙar da ni na koya musu, malamar aro tana bin su a baya tana laluben baitin. Gumi yana zuba mini, wani ya yi fitsari a kan zanena, ina sauraron wata tana karɓar yabon shekara ukuna. Duk da haka na daure. Da a nan abin ya tsaya, da na daure har ƙarshe, yau ba ni da labarin bayarwa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji sallamar da na sani. Wata tsohuwa ce Bafulatana mai tallan nono, jikanta yana cikin waɗanda ke tare da ni. Ba ta kiran sunansa, sai dai "maigidana", irin wasan kaka da jika. Ashe ranar za su je suna Yankwashi, ta zo ɗaukarsa da wuri.

"Ina Anti? Na zo ɗaukar maigidana."

Hajiya ta ce, "Inna, zauna tukuna, muna da baƙi."

"Ban zo zama ba, mota na jira a tasha." Na ji takunta ya nufi aji. "Wace ce wannan kuma? Ina Antinsu?"

Malamar aro ta ce, "Ni ce Antinsu, Inna. Shekarata biyu a nan."

"Ke? Kullum ni ke kawo shi, ban taɓa ganin ƙeyarki ba. To ina yaron?"

Sai malamar aro, don ta fid da kanta, ta ce, "Ai yau bai zo ba."

Kai jama'a. "Bai zo ba? Ni da hannuna na sa shi a ƙofar nan! Ga kular abincinsa can a baranda!" Na ji ƙwarya ta faɗi ƙasa. Tsohuwa ta saka salati, ta kurma ihu wai an sace mata jika. Kafin ka ce me, mata sun fito daga gidaje, 'yan acaɓa sun tsaya, wani yana cewa a rufe ƙofa kada kowa ya fita, wani yana cewa a kira 'yan sanda. Ni kuwa ina jira in ji Hajiya ta ce, Inna kwantar da hankalinki, yana nan maƙwabta. Magana ɗaya ce. Abin da na ji ta ce shi ne, "Inna, ki daina tara mana jama'a, zo ofis mu yi magana a hankali." Tsohuwa tana birgima a ƙasa tana kiran jikanta, Hajiya tana lissafin yadda takardar amincewarta za ta tsira.

Yaron ya gane muryar kakarsa. Ya miƙe daga kan buhu ya buɗe baki ya ce, "Inna!" Sai na sa hannu na toshe masa baki.

Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Ni, mai zagin Hajiya a zuci tun safe, ni ce na danne bakin yaro ɗan shekara huɗu don kada kakarsa ta san yana raye. Ina jin numfashinsa da zafi a tafina, hawayensa suna bin yatsuna, yana kallona da idon nan na wanda bai taɓa tsammanin haka daga gare ni ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai san na cire hannun, na goge a zane, na ce, "Kowa ya tashi, ya riƙe rigar na gabansa."

Ban bi ta ƙofar baya ba. Ta titi na fito da su, na ratsa taron, yara talatin da huɗu a jere, da ɓawon gyaɗa a baki, wasu da jiƙaƙƙen wando. Tsohuwa ta fizge jikanta ta rungume, tana shafa kansa tana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana magana da Fulatanci. Ban ji abin da ta faɗa wa Hajiya ba, amma waɗanda suka ji sun sunkuyar da kai.

Baƙin su biyu ne, wani mutum mai riƙe da fayil da wata dattijuwa mai farin tabarau. Dattijuwar ta ce, "Hajiya, waɗannan fa?"

"Ai 'ya'yan maƙwabta ne, sun zo wasa."

Da yunifom ɗin makarantar a jikinsu, da bajo a ƙirji! Wani ɗan acaɓa ya fashe da dariya har da buga tankin babur. Yaran kuwa ba ruwansu, suka kwasa da gudu cikin aji, kowa ya nufi wurin zamansa.

Dattijuwar ta juyo gare ni. "Ke wace ce?"

"Ni ce malamarsu."

"Su nawa ne?"

"Hamsin da tara."

"Takardarki fa?"

"Sakandare."

Ta gyaɗa kai, ta dubi malamar aro da ta rakuɓe a jikin ƙofa. "Ke kuma tun da na shigo na gane ki. Ba ke na gani a Gwiwa shekaranjiya ba? Can ma shekara biyu kika yi?" Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta dubi tafin hannunta.

Ba a ba da takardar ba. An ba Hajiya zango ɗaya ta gyara ko a rufe. Da za su shiga mota dattijuwar ta ce mini, "Yarinya, na ga kin san yaran nan. Amma ba a ba mutum ɗaya yara hamsin da tara, ko wace ce ita. Ki koma makaranta." Iyakar abin da na samu ke nan daga wurinta, ba ta ɗauke ni aiki ba, ba ta roƙa mini ba.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Hajiya ta kira ni. "Kin ci amanata."

Na ce, "Hajiya, ta iyayen yaran fa, wa ya ci?"

"Fitar mini daga makaranta."

Kafin a kira azahar ina gida. Wata bakwai na yi ina suyar awara a ƙofar gida, 'yan unguwa suna ce mini Anti mai awara. Na ji iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu, Hajiya kuma ta mayar da ofishinta aji, ta ɗauki malamar Roni aiki na gaske. Ashe ɗakin yana nan tun da can, ba sai an hau rufi ba. Ni kuma daga baya na shiga karatun NCE na ƙarshen mako, yanzu ina koyarwa a wani wurin.

Da can ina raina ƙa'idar nan, ina cewa surutun 'yan ofis ne, takarda ba ta iya share majina. Har yau ban fasa cewa takarda ba ta share majina ba. Amma na gane ba don baƙi masu fayil aka ce a ƙayyade yawan yara ba, don yaran ne, kuma duk makarantar da sai ta ɓoye yaro kafin ta ci jarrabawa, to yaron ne ya faɗi. Na kuma gane raina azzalumi a zuci ba shi da wuya, muddin kana yi masa aikin. Shi ya sa duk inda zan karɓi aiki yanzu, tun ranar farko nake faɗa wa mai wurin, ko ransa ya so ko bai so ba: yaran da ke ajina ranar da ba kowa, su za a tarar ranar da aka zo dubawa, kuma hannuna ba zai sake rufe bakin ɗan kowa ba.