Raken da Ba Ya Shawuwa

Mu biyu uwarmu ta bari, ni da ƙanwata. Ni aka kawo ni aure Kurmin Kogi, ita aka kai ta gefen Kudan, bakin kwalta. Tun muna yara nawa ya fi nata, har fadamar da maigidana ya rasu ya bar mana ta fi tasu ruwa. Farin rake nake sa a noma mini, mai taushi, wanda dillalan Makarfi ke saye tun yana tsaye.

Ana nan, wata shekara bayan ɗaukewar ruwa, sai ga wani ɗan kamfani ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni kamar jikana. Ya ce za su kafa injin sukari a bayan garinmu. Wai babban ma'aikacin da ke kula da harkar noma a Kaduna ne ya nuna musu wurin, domin lokacin ƙarin girmansa ya matso, yana son abin da zai nuna wa na sama.

"Iya, ki cire naki ki dasa irinmu. Duk abin da fadamar nan ta haifa, mu ne masu saye."

Na cire, na dasa. Rake kuwa ba ya gaggawa, sai ya kusa cinye shekara a ƙasa. Nasu ya fito siriri, mai tauri kamar gora. Manya suka zo da motoci, aka aza bulo, aka ɗauki hoto, aka tafi.

Kafin raken ya nuna, ma'aikacin nan ya samu ƙarin girmansa, aka ɗaga shi Abuja. Bulon nan ya zauna, awaki na hawa. Da ɗan kamfanin ya sake biyowa na tare shi.

"Ɗan nan, ina injin?"

Ya sosa ƙeya. "Iya, wanda ya gaji kujerar ba zai ƙarasa aikin wani ba, don sunan wancan za a kira. Shi ma nasa lokacin na tafe. Ya ce a bakin titi yake so, inda manya za su tsaya ba tare da taɓo ya taɓa takalminsu ba. Fili da wutar lantarki duk sai da sa hannunsa. Mu inda ya duba muke dubawa."

"Wane bakin titin?"

Ya faɗi garin. Garin ƙanwata.

Dillalai suka zo, ɗaya ya gatsa ya tofar, ya ce ko jaki sai ya yi shawara. Rake ya tsaya yana bushewa daga ƙasa, ni ina kallo.

Bikin suna ne ya kai ni gidanta. Tun daga tasha nake jin rurin injin. Yarinyar da na goya, wadda ko dambu ba ta iya turarawa sai na tsaya a kanta, ita ce ke sayar wa leburori abinci, tukwane jere a zaure. An jawo musu wuta. Ta buɗe firji ta miƙo mini ruwa.

"Sha, Yaya. Ko haƙoran sun daina son sanyi?"

"Haƙorana lafiya lau. Tuwonki ne dai har yau da gudaji."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na sha ruwan, ya sauka mini kamar barkono. Ban yi mata fatan sharri ba, Allah shaida, amma da injin ya yi tari ya tsaya na ɗan lokaci, sai na ji numfashina ya daidaita.

Da za ta raka ni ta rage murya. Ta ce kamfani ba ya karɓar rake sai na manoman yankinsu, amma in na yarda a kawo nawa a haɗa cikin nasu, ya shiga da sunan gidanta.

Na ce zan duba. Na dawo na zaga fadamar, na karya kara ɗaya, na ga cikinsa ya fara ja, alamar lalacewa. Washegari na aika a sare.

Ni na bi motar da kaina har ƙofar injin. Mai awo ya leƙo, ya dubi lodin, ya ce rabon da a kawo mai kyau haka an jima.

"Iya, na wane gida ne?"

Ƙanwata, da ta kawo wa leburori abinci, na tsaye can gefe da ludayi a hannu, ta kawar da kai. Na gyara mayafina.

"Na ƙanwata ne," na ce.