Mutumin da Ya Ƙi Tereré

Doña Felicita Ocampos, mai kula da rajistar kaburbura, ba ta yarda da baƙon nan ba. Wai daga Asunción, babban birnin ƙasar, aka turo shi ya kafa sabon rumbun bayanai a kwamfuta. Siriri ne, rigarsa a goge, takalminsa ba ɗigon jar ƙasar garin. An miƙa masa tereré, shayin ganye mai sanyi da kowa ke sha a garin, ya ƙi. Mai ƙin tereré da tsakar rana, a ganinta, ko gyambon ciki gare shi ko shirin gudu.

"Kwantar da hankalinki, Doña. Adireshin rumbun gwaji na ba manhajar da ke share tsoffin bayanai, ba za ta taɓa naki ba."

"Ita ta san da haka, ɗan birni?"

Ya yi dariya, amma da manhajar ta fara aiki sai dariyar ta ɗauke. Yana duban adireshin da ya rubuta, yana duban inda manhajar ta shiga. Ta yi watsi da nasa, ta faɗa rumbun gaske tana shara. Sai ga ƙafarsa tana lallaɓawa ƙarƙashin tebur, ta fizge wayar wutar kwamfutarsa.

"Kai, wutar garin nan!" in ji shi.

Fanka kuwa tana juyawa a kansa. Doña Felicita ta dubi allonta: sunayen matattu yanzu daga harafin G suke farawa, na A zuwa F duk sun ɓace. Ta kulle ƙofa, ta sake miƙa masa kofin.

"Sha, ɗana. Ba inda za ka sai ka dawo mini da su Acosta da su Benítez."