Kawu, Ni Ce Na Taɓa Saitin

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, ina tsakiyar buga jadawalin jarrabawa, akawun makarantarmu ya leƙo ofishina ya ce Kawu ya rasu da asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Na ce Allah ya jiƙansa, kamar yadda kowa ya ce. Amma hannuna ya kasa komawa kan aikin, domin ni kaɗai na san abin da ke tsakanina da mamacin.

Kawu, ba kawun kowa ba ne kai a cikinmu, furfurarka da haƙurinka ne suka ja maka sunan. Shekara tara kana kula da kwamfutocin makarantar nan. Kullum da tsohuwar jakarka ta fata, cike da wayoyi da sukundireba da alewar da kake raba wa duk wanda ka tarar yana faɗa da na'ura. Ba ka taɓa ce wa mutum bai iya ba. Sai dai ka ja kujera ka ce, "To, nuna mini inda ta ɓata miki rai."

Makon da na kama aikin sakatariya, kai ka saita mini imel. Na ce ka yi kawai ka tashi, ka ƙi, ka ce sai na fahimta. Ka ce saba, wato na'urar da ke fitar da saƙo, kamar gidan waya take, mai ƙofofi masu lamba. Tamu 587 ce. A bakinta akwai mai gadi, ba ya karɓar wasiƙa sai kin faɗi sunanki da kalmar sirri. Sannan akwai TLS, wanda ke rufe wasiƙar ruf, kada kowa a hanya ya karanta. Ka ce 465 ma tana yi idan an daidaita ta, amma 25 ba tamu ba ce, ta sabobi ce a tsakaninsu, kuma kamfanin da ke ba mu intanet ya toshe ta. Ka rubuta duka a kan ɗan kati, ka manna a cikin durowar teburina. A ƙasan katin ka ƙara layi biyu: "Idan kin canza kalmar sirri, ki canza ta a wajen fita ma. Kada ki tashi sai kin ga saƙo a akwatin waɗanda suka tafi." Na yi dariya na ce Kawu ya mayar da ni 'yar aji ɗaya.

Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Wata Alhamis ta watan Yuni, shugaban makaranta ya ba ni takardun ɗalibai huɗu masu neman tallafin karatun jami'a, ya ce lallai su isa kafin a rufe karɓa ranar Juma'a. Kai ka ce za ka leƙa asibiti, ba wanda ya tambaye ka me ke damunka, ni ma ban tambaya ba. Takardun suna da nauyi, intanet na jan ƙafa, saƙon ya tsaya yana juyi. Da na yi haƙurin minti goma, da ya wuce. Maimakon haka sai na buɗe saitin, ni mai kwas ɗin kwamfuta na mako uku. Na share 587 na sa 25 saboda na taɓa ganin lambar a wani shafi. Na cire alamar neman kalmar sirri, na kashe TLS, wai don in rage wa saƙon kaya. Na danna aika, ya ɓace daga gabana, na kashe kwamfuta na tafi ɗauko yara. Katinka yana cikin durowa, ko kallonsa ban yi ba. Ranar Juma'a kuwa a zauren jarrabawa na yini.

Ranar Litinin aka gano takardun ba su je ba. Aka kira ka. Ina tsaye a bayanka ka buɗe saitin, ka ga 25 ƙuru-ƙuru. Ka juyo ka dube ni sau ɗaya tak, ka mayar da komai yadda yake, saƙon ya fita bayan an rufe karɓa da kwana uku.

A ofishin shugaba, gaban iyayen yaran nan, aka tambaye ni yadda aka yi. Ga abin da bakina ya faɗa, kuma ina rubuta shi yadda na faɗe shi: "Tun da Kawu ya taɓa kwamfutar nan makon jiya take wasa da ni." Shugaba ya juyo gare ka. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ranka ya daɗe, matsalar saiti ce, saiti kuma aikina ne." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma tona ni ba. A ƙarshen zangon aka ce makaranta ta sami kamfanin da zai riƙa kula da na'urorinta. Ranar da ka kwashe kayanka ka biyo ta ofishina, ka ajiye mini alewa biyu a kan tebur, ka ce, "Katin yana nan ko?" Na ce yana nan. Ban iya ɗaga ido ba.

Wata bakwai ina haɗiye wannan abu. A watan Janairu na ji jikinka ya tsananta. Gidanka bai fi tafiyar rabin awa ba, lambarka tana cikin wayata, amma tsoron haɗa ido da kai ya sa na zaɓi imel. Na ɗauko tsohuwar kwamfutata ta gida, wadda kai ka saita mini, na rubuta maka komai, na roƙe ka gafara. Ina danna aika na rufe murfin da sauri kamar na taɓa wuta.

Mako uku ina duba wayata, ba amsa. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai na fara jin haushinka. Na ce a raina ashe Kawu ma yana riƙo, duk haƙurin nan na ganin ido ne. Wannan zato shi ya fi komai ci mini rai yau.

Ranar da ka rasu, da na koma gida da la'asar, na buɗe kwamfutar don in sake karanta abin da na rubuta maka. Ga wasiƙar a akwatin fita, ba ta motsa ba. Na canza kalmar sirri tun lokacin da aka sace mini tsohuwar wayata, na saka sabuwar a wajen shigowa, na manta wajen fita. Layuka biyun nan na ƙasan katinka, duka na taka su.

Washegari na je gaisuwa. Da mata suka ragu, na matsa kusa da mai ɗakinka na ce ni ce sakatariyar makarantar. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah sarki, yana yawan yabonki. Kuskuren nan da ya yi a wurinku ya dame shi ƙwarai, saboda yaran." Ashe ko a cikin ɗakinka ba ka sauke kayan nan ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Sai ta zare hannunta a hankali ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma ki faɗa a inda kika faɗi waccan maganar, yana da 'ya'ya."

Na faɗa wa shugaba, na je gidajen ɗaliban huɗu ɗaya bayan ɗaya, abin da makaranta za ta yanke a kaina kuma na karɓa tun kafin a faɗe shi. Yanzu ina faɗa wa duk wanda ya karanta wannan: Kawu bai yi kuskure ba. Saitinsa daidai yake, ni ce na taɓa shi.

Wasiƙar tana nan a akwatin fita. Na gyara kalmar sirrin, amma ban danna aika ba, domin wanda zai buɗe ta ba ya nan.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya rufa mini asiri alhali ban cancanta ba, ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da dukkan danginsa, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Kuma ina roƙonku, idan zuciyarku ta iya, ku yafe mini a madadinsa, tunda shi ban ba shi damar yi ba.