Robar Jirgi a Miyar Kuɓewa

Na sha wuya a kanikanci, amma wuyar da na sha a kan wata roba da ba ta fi awarwaro girma ba, har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, ina gyaran manyan motoci a Kazaure. A shekarar tsuntsayen jan-baki suka sauko wa geron ƙasar Gwiwa, gwamnati ta turo ƙaramin jirgi yana musu feshi. Ana cikin haka baƙin mai ya fara tsiyaya ta bayan farfela yana rufe gilashi. Matuƙin, wani Bature mai guntuwar Hausa, ya sauke shi a fako bayan wani ƙauye, aka zo aka ɗauke ni. Ba don na san jirgi ba, ƙarfi ake nema. Ni kuma gonar surukata na cikin waɗanda tsuntsu ke ci. In geron ya tafi, ni zan riƙe gidan har wata kaka.

Muka kwance farfela, muka zaƙulo tsohon sil, wato robar da ke hana mai tsiyaya, daga bakin karanshaf, ƙarfen da ke juya farfela. Sabon ɗaya tak ne a akwatin Bature. Ga shi ɗan mitsitsi, ga faifan ƙarfen da zai tsallaka kamar murfin kwano. Na ce, "Bature, wannan ko da addu'a ba zai shiga ba." Ya zare sifirin, 'yar wayar da ke zagaye a cikin robar, ya ce a sa robar a ruwan zafi ta yi laushi, sai mu ja.

Ruwan zafi sai gidan Mai gari, baƙo kuwa zaure ne iyakarsa. Mai gari ya karɓi robar da kansa, ya kai wa mahaifiyarsa, ya ce baƙo na so a tafasa masa.

Muka zauna. Tsuntsu na wucewa kamar hayaƙi, Bature na duba agogo. Can sai ga akushin tuwo da kwanon miya. Na buɗe. Ga sil ɗinmu yana iyo a miyar kuɓewa, ya sha daddawa da barkono da man shanu. Tsohuwar ta biyo har bakin zaure tana cewa, "Wace irin ganda ce wannan? Itacena ya ƙare, ta ƙi nuna. Ku ce wa baƙo ya tauna a hankali."

Mai gari ya ce, "Iya, ruwa kawai aka ce."

"Ruwa? Mutum ya sauko daga sama in ba shi ruwa tsura? A gidan ubanka ka ga ana haka?"

Bature ya yi ja kamar gauta. Ya tsamo robar, ya jujjuya ta, ba ta tsage ba. Muka ɗauraye muka ruga tun da zafinta. Ya tokare gefe ɗaya, ni ina ja. Yauƙin bai gama fita ba, ta suɓuce ta make ni a fuska. Barkono a ido, barkono a tsagar hannu. Ina ja ina hawaye, 'yan kallo na cewa, "Allah sarki, tausayin gero yake." A ja na ƙarshe ta shige. Ya bari ta huce ta koma daidai, ya mayar da sifirin, ya shafa gam, muka ɗaura farfela. Ya ta da inji, ko ɗigo babu.

Ina shirin tafiya Mai gari ya riƙe mini hannu. "Malam, miyar fa? In kwanon nan ya koma cike, Iya ba za ta kula ni ba har Sallah." Bature ya dafa ciki, wai ba shi da lafiya. Ni na shanye ta. Ɗanɗanon tayar keke.

Abin da na koya: in za ka aika saƙo gidan mutanen kirki, faɗi har abin da ba ka so a yi, don karamci ba ya tambaya.

Washegari da safe jirgi ya tashi, geron surukata ya tsira. Ni kuwa ina tsugune bayan geza da buta. Da jirgin ya wuce ta kaina, butar na ɗaga masa.